Daga Shari'ar Tsofo Gubba Zuwa Final Kod: Yadda Arewa Ta Sami Kundin Laifuffukanta

A watan Afrilun 2025 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa sassa biyu na dokokin Jihar Kano sun saɓa wa yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da Najeriya ta sa wa hannu. Ɗaya shi ne sashe na 382(b) na kundin laifuffukan Shari'a na shekarar 2000, wanda da shi aka yanke wa Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa a 2020. Ɗayan kuwa sashe na 210 ne na Final Kod, mai hukunta wulaƙanta addini. Aka yi ta ka-ce-na-ce a gidajen rediyo da Facebook, kuma a cikin hayaniyar tsoffin labarai biyu suka sake tasowa. Wasu suka ce ai Final Kod dokar Nasara ce da aka ɗora wa Sardauna dole, aka ce masa ko ya karɓa ko a hana Arewa mulkin kai. Wasu kuma suka ce hangen nesan Sardauna ne tsantsa, ya ga Arewa ba ta Musulmi kaɗai ba ce, ya yi wa kowa adalci. Kowanne labari da ƙamshin gaskiya a cikinsa. Amma duka biyun suna fara ƙirga daga 1958, alhali kafin nan an shafe shekara goma sha ɗaya alƙalan Arewa da jojin Turawa suna jan igiya kan tambaya guda: mutumin da ya kashe wani cikin zafin zuciya, a kashe shi ko kada a kashe shi? A ganina daga wannan tambaya, da kuma matakalar ɗaukaka ƙara da ta haifar da ita, Final Kod ta fito.

Ba sai an tsaya dogon bayani kan zamanin da ba. Tun ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, akwai alƙalai a biranen Hausa, a Borno ma tun kafin haka. Jihadin 1804 ya ɗora fiƙihun Malikiyya a matsayin dokar ƙasa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don masu mulki da masu shari'a, alƙalai kuma suka dogara da Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfa. Haka Turawa suka tarar da abin a 1903.

Gwamna Lugga bai rushe kotunan ba, don ba shi da mutanen da zai maye gurbinsu da su. Ya hana yanke hannu da jifa, ya kasa kotunan aji-aji, daga mai daraja ta ɗaya zuwa ta huɗu, ya bar wa majalisun manyan sarakuna ikon yanke hukuncin kisa, da sharaɗin ba za a zartar ba sai Gwamna ya amince. Razdan da Di'o suna da ikon duba littafin alƙali, su rage hukunci ko su ɗauke shari'a. A gefe guda kuma, a 1904, ya shigo da Kiriminal Kod don kotunan Turawa, wadda aka kwafo daga kundin da Samuel Griffith ya tsara wa yankin Kwinsland na Ostareliya a 1899. Abin dariya a nan shi ne a Arewa aka fara aiki da wannan doka, sai a 1916 aka faɗaɗa ta zuwa Kudu. Yau Kudu ce ke riƙe da ita, Arewa ta daɗe da yar da ita.

Shekara talatin dokokin biyu suna zaune gida ɗaya ba su taka sawun juna ba. Dalili kuwa, sashe na 4 na Kiriminal Kod ya keɓe kotunan gargajiya, wato hukuncinsa bai hau kansu ba, kuma babu hanyar da shari'ar majalisar Sarki za ta bi ta isa gaban joji mai gashin doki a ka. Mai duba ta jami'in mulki ne, wanda babban burinsa a zauna lafiya da Sarki. A 1933 Gwamna Donald Cameron ya sake fasalin kotuna. Ya soke kotunan lardi da Razdan ke shugabanta, ya kafa Babbar Kotu da kotunan majistare, ya buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara daga kotunan En'e har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma. A shekarar ce kuma aka goge kalmomin nan da suka keɓe kotunan gargajiya daga sashe na 4. Da yake dokar kotunan gargajiya ta ci gaba da cewa alƙalai su yi hukunci da dokarsu, kusan kowa ya ɗauka babu abin da ya sauya. Aka ci gaba da harkoki shekara goma sha huɗu.

Sai ga shari'ar Tsofo Gubba. Mutum ne daga ƙasar Gwandu da ya kashe kwarton matarsa. Majalisar Sarkin Gwandu ta same shi da laifin kisan ganganci, ta yanke masa hukuncin kisa. A ma'aunin Malikiyya hukuncin bai da tangarɗa. Mazhabar Imamu Malik, saɓanin ta Hanafiyya da ta Shafi'iyya, ba ta cika yarda da wani matsakaicin kisa tsakanin ganganci da kuskure ba. Wanda ya kai wa wani hari da nufin cuta, ya mutu, to ganganci ne, ko da takobi ne ko da sanda. Fushi ba uzuri ba ne. Game da mijin da ya ce ya kama wani da matarsa, malamai sun san hukuncin da aka ruwaito daga Sayyadina Aliyu a cikin Muwaɗɗa: ya kawo shaidu huɗu, in ya kasa a miƙa shi ga dangin mamaci. Hikimar a fili take. In aka bar kowa ya kashe mutum sannan ya ce ai da matata na gan shi, mamaci ba zai tashi ya ƙaryata ba.

Kiriminal Kod kuwa tana kallon zuciyar mai kisan. In an tunzura mutum farat ɗaya, tunzurawar da za ta gusar da hankalin kowane mai hankali, ya yi kisa kafin zuciyarsa ta huce, laifinsa ya sauko daga wanda ake ratayewa zuwa wanda ake ɗaurewa. Kuma a al'adar shari'ar Ingila babu misalin tunzurawa da ya kai na mijin da ya kama matarsa da wani. Da ƙarar ta isa Kotun Afirka ta Yamma a 1947, jojin suka ce tun daga gyaran 1933, duk laifin da Kiriminal Kod ta ambata to da ma'auninta za a auna shi, ko a gaban wa aka gurfanar da mutum. Suka soke hukuncin kisan.

Sarakuna da alƙalai suka ji abin har ƙashi, kuma ina ganin suna da hujja. Lugga ya yi musu alkawarin ba za a taɓa addini ba. Sun haƙura da hana haddin sata da na zina, suna fassara shi da cewa mai mulki ya dakatar da zartarwa ne kawai. Amma wannan karon an ce musu littafin da suke karantawa ma ba shi ne doka ba. Kuma a sani, saɓanin ba ta fuska ɗaya yake ba. Masu ba da labarin daga ɓangaren Turawa sun fi son nuna cewa Malikiyya ta fi tsanani, alhali sau da yawa ita ce mai sauƙin. A wurinta jini haƙƙin magada ne. In waliyyan mamaci suka yafe, ko suka karɓi diyya, wanda ya yi kisan ganganci da idonsa biyu zai sha bulala ɗari da ɗaurin shekara guda ya koma gida, abin da Kiriminal Kod ba ta san da shi ba, domin a wurinta mai ƙara gwamnati ce, kuma hukunci rataya ne. Ga kuma batun hujja: shaidu biyu maza adalai, ko iƙirari, ko kuma in akwai alama mai ƙarfi a ba dangin mamaci rantsuwar ƙasama sau hamsin. Saboda haka mutum biyu za su aikata abu iri ɗaya a gari ɗaya, a rataye wanda aka kai gaban joji, a saki wanda aka kai majalisar Sarki, gobe kuma a wata shari'ar abin ya juye. Ran mutum ya dogara ga ƙofar da ɗan doka ya shigar da shi.

Gwamnatin mulkin mallaka ta shiga faci. A 1948 ta yi doka ta mayar wa kotunan En'e ikon yin hukunci da dokarsu. Ta naɗa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Brooke ya zagaya ya duba kotunan gargajiya. A 1951 ta sake gyara: alƙali ya yi shari'a da littafinsa, amma kada hukuncinsa ya wuce iyakar abin da Kiriminal Kod ta tanada wa irin wannan aiki. A takarda abin kamar sulhu ne. A aikace kuwa ana nufin alƙalin da ya yi karatunsa a zaure ko a Makarantar Shari'a ta Kano ya gama hukunci da Muhtasar, sannan ya buɗe wani kundin Turanci da bai taɓa karantawa ba, ya tambayi kansa abin da joji zai ce. A 1956 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Musulmi don ta sha gaban matsalar, amma daga gare ta ma ƙara Babbar Kotu take wucewa, saboda haka tsugune ba ta ƙare ba.

Shekarar 1957 ce ta tona asirin facin. Shari'o'in kisa daga Bauchi da Kano da Sakkwato, wato na Jalo Tsamiya da Fagoji da Maizabo, suka yi ta hawa sama suna dawowa da fassarori masu wuyar haɗawa. A ta Maizabo da En'e ta Sakkwato, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta tsaya kan cewa ba za a kashe mutum ba matuƙar a ƙarƙashin Kiriminal Kod laifinsa bai kai na rataya ba. Ma'ana dole majalisar Sarki ta binciki batun tunzurawa, batun da fiƙihunta bai ba shi gurbi ba, kuma hanyar karɓar shaidarta ba a gina ta don tono shi ba. Bayan shekara biyu, a shari'ar Guri da En'e ta Haɗeja, kotun ta yi watsi da ƙa'idar da aka bi aka hana wanda ake tuhuma da fashi kare kansa bayan shaidu sun tabbatar, ta ce hakan ya saɓa wa adalci. Kafin wannan ma kowa ya gane tsarin ya tsaya cik. Sarki zai yanke hukunci a gaban jama'arsa, bayan watanni a ga wanda aka yanke wa yana yawo a kasuwa. Babu abin da ke zubar da girman sarauta kamar haka, kuma sarakunan sun fi kowa sanin wannan.

Nan ne nake rabuwa da masu cewa Kwamitin Willink ne ya haifi Final Kod. Gaskiya ne kwamitin, wanda aka naɗa a 1957 don sauraron koken ƙananan ƙabilu, ya ji ƙorafi mai yawa daga mutanen Tsakiyar Najeriya da 'yan Kudu mazauna Sabon Gari: cewa shaidar wanda ba Musulmi ba ba ta da nauyi a gaban alƙali, cewa diyyarsa ba ta kai ta Musulmi ba, cewa ba a barin lauya ya shiga kotun En'e. Ƙorafin na gaske ne, bai kamata Musulmi ya yi kamar bai ji ba. Amma maganin wannan ciwo bai buƙaci a taɓa Musulmi ba. Ya isa a ba wanda ba Musulmi ba zaɓin kotun da za ta yi masa shari'a, kuma an ma gwada hakan na ɗan lokaci. Tsofo Gubba da Maizabo ba 'yan ƙananan ƙabilu ba ne da aka kai gaban alƙalin wani addini. Rikicin a tsakiyar ƙasar sarakuna ya taso.

Haka ma masu danganta abin ga gwagwarmayar NEPU. Babu mai musun cewa Malam Aminu Kano da mutanensa sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun alƙalan En'e. An ɗaure Hajiya Gambo Sawaba sau da dama, an yi wa talakawa bulala kan laifin da ba a rubuta ko'ina ba, sai abin da alƙali ya ga dama ya kira rashin ladabi ga sarauta. Rubutacciyar doka na cikin abin da suke nema. Sai dai in don NEPU aka yi gyaran, to an yi shi a baibai, domin an bar kotunan a hannun En'e, alƙali na cin albashi daga baitulmalin Sarki, kuma an ci gaba da ɗaure 'yan adawa bayan 1960, wannan karon da lambar sashe. Batun matsin lambar Ingila da na jawo masu zuba jari daga waje shi ma yana nan, ba na kore shi. Ya sa an yi sauri, ya sa an ƙayyade lokaci. Amma matsin lamba ba ya sa sarakuna irin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da Sarkin Kano Sanusi su saki abin da yake aiki a hannunsu. Sun saki ne domin abin ya riga ya kuɓuce tun 1947, saura suna.

Yadda Sardauna ya bi da lamarin shi ne wurin da gwanintarsa ta fito. Bai ce a kwafo dokar Ingila ba, bai kuma ce a ɗauki Kiriminal Kod da ke hannu ba, wadda sunanta ya riga ya ɓaci a kunnen malamai. A 1958 gwamnatinsa ta tura tawagogi zuwa Libiya da Pakistan da Sudan, ƙasashen Musulmi da ba su daɗe da samun 'yanci ba, su gano yadda suke yi. Suka dawo da labarin cewa ko'ina rubutaccen kundi ake amfani da shi a laifuffuka, Shari'a kuma tana riƙe da aure da gado. Sannan aka kira kwamitin masana shari'a mai mutum shida ya zauna a Kaduna daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba na shekarar. Shugabansa Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa J.N.D. Anderson na Jami'ar Landan. 'Yan gida uku su ne Shettima Kashim Wazirin Borno, da Peter Achimugu daga ƙasar Igala, da Malam Musa babban alƙalin Bida.

Sunan Anderson shi ne ƙashin da ya tsaya wa mutane a wuya har yau. Kafin ya zama farfesa ɗan mishan ne a Masar, kuma bai taɓa ɓoye kishin addininsa ba. Shi ne kuma ya rubuta a littafinsa na 1954 kan shari'ar Musulunci a Afirka cewa in aka cire Jazirar Larabawa da wuya a sami inda ake aiki da ita kamar Arewacin Najeriya, kuma ba yabo yake yi ba. Wanda ya yi zargin mutumin bai yi laifi ba. Amma kwamitin mako biyu kawai ya yi, kuma shawarar da ya bayar ta ɗauko kundin Sudan ba daga Landan ta zo ba. Alaƙar Arewa da Sudan ta girmi Anderson. Hanyar alhazai ce tun kaka da kakanni, ga dubban Hausawa da Fulani zaune a can. Malaman Sudan ne suka koyar a Makarantar Shari'a ta Kano tun kafa ta a 1934. Gwamnan Arewa na lokacin, Gawain Bell, a Sudan ya yi aikin mulki, haka ma S.S. Richardson wanda ya yi aikin rubuta kundin tare da Atoni-Janar Hedley Marshall. Sudan ƙasar Malikiyya ce, mai Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, kuma a lokacin tun 1899 take aiki da irin wannan kundi ba a ce ta bar addini ba. Wannan ita ce hujjar da za a iya kai wa gaban malamai. Cewa shi kansa kundin Sudan jikan na Indiya ne na 1860, wanda Bature Macaulay ya tsara, ba a cika ɗaga murya a kansa ba.

An kai daftarin gaban kwamitin malamai ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Junaidu, suka bi shi sashe-sashe. Sawunsu na nan a cikin dokar ga mai son gani. Sashe na 387 da 388 sun mai da zina laifi, abin da Kiriminal Kod ba ta yi ba. Sashe na 403 ya haramta wa Musulmi shan giya. Sashe na 68 ya ajiye bulalar haddi ga Musulmi a kan irin waɗannan laifuffuka, bulalar da aka tsara ta don kunyatarwa, mai dukan ba ya ɗaga hannu ya wuce kafaɗa. Amma a kan jini, inda rigimar ta faro, Turawa ne suka yi nasara. Sashe na 221 ya tanadi kisa ga mai kisan kai, sashe na 222 ya cire wanda aka tunzura tunzurawa mai tsanani farat ɗaya. Haƙƙin magada na su yafe ko su karɓi diyya a madadin ƙisasi ya fita daga hannunsu. A ra'ayina wannan ce asara mafi girma a cinikin, ta fi ta haddi nesa ba kusa ba, domin haddin an daina shi tun zamanin Lugga, afuwar magada kuwa tana raye, tana kashe gaba tsakanin dangi. Masu kukan an raba mu da Shari'a a 1960 ba kasafai suke ambaton wannan ba.

Majalisa ta zartar da dokar a 1959, shekarar da Arewa ta sami mulkin kai, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, jajiberin 'yancin kai. Tare da ita aka kawo kundin tsarin gudanar da shari'ar laifi, da sassaucin cewa kotunan En'e jagora kawai zai zame musu, ba za a soke hukuncinsu don sun kuskure wata ƙa'idar takarda ba. Aka fassara kundin zuwa Hausa, aka riƙa kwasar alƙalai zuwa kwas a Cibiyar Koyon Mulki ta Zariya. Ladan da aka ba malamai shi ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda a kan aure da saki da gado da wasiyya da waƙafi maganarta ce ta ƙarshe, ba joji a samanta sai in batun tsarin mulki ya taso. Shehu Awad, mutumin Sudan, ya fara riƙe ta, Malam Abubakar Gumi ya gaje shi a 1962. An ma kafa wata kotu ta musamman don raba gardamar hurumi tsakaninta da Babbar Kotu, ba ta taɓa zama ba ko sau ɗaya. Tsarin mulkin 1960 kuma ya kulle ƙofar da cewa ba a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta a doka ba. A Yamma aka fara gwada wannan, a shari'ar Aoko da Fagbemi ta 1961, inda aka soke hukuncin da kotun gargajiya ta yi wa wata mata kan zina, saboda babu rubutacciyar dokar da ta hana a can. Da a Kano ne da sashe na 388 ya kama ta.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Sojoji suka soke kotunan sarakuna, suka ƙwace na alƙalai daga hannun En'e tsakanin 1967 da 1968, suka mai da su kotunan yanki ƙarƙashin gwamnati, wato abin da NEPU ta nema ya zo ta hannun masu bindiga. Da aka yanyanka Arewa jihohi, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a 1976, tambayar ta dawo: daga kotun Shari'a ta jiha, ina ƙara za ta nufa? A kan haka wakilai Musulmi suka fice daga majalisar tsara tsarin mulki a 1978, suna neman kotun Shari'a ta tarayya, ba su samu ba. Matsayin nan na mai maganar ƙarshe, wanda shi ne ladan 1960, ya tafi. Duk wanda ke neman dalilin da ya sa jama'a suka yi tururuwa zuwa Gusau don ƙaddamar da Shari'a ranar 27 ga Oktoba, 1999, ya fara nemansa daga nan.

Gwamnan Zamfara na lokacin, Ahmad Sani Yariman Bakura, da lauyoyinsa sun karanta sashe na 36(12) na tsarin mulkin 1999 da kyau. Tunda sharaɗin shi ne laifi ya zama a rubuce cikin dokar da majalisa ta yi, sai suka rubuta haddi da ƙisasi da diyya suka kai majalisar jiha. Jihohi goma sha biyu suka bi wannan hanya. Wanda ya ajiye kundin Zamfara kusa da Final Kod zai ga yawancin sassan ta'aziri daga cikinta aka kwaso su, har da tsarin jimlolin. Kundin da aka ce na Nasara ne shi ya zama ƙashin bayan wanda ya zo maye gurbinsa, kuma alƙalan da suka hau kujerun sababbin kotunan su ne dai na kotunan yanki na jiya.

Matakalar ɗaukaka ƙara kuwa ba ta daina aikinta ba. Kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa a 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta sallame ta a Maris 2002, cikin dalilanta har da cewa abin ya faru kafin dokar ta fara aiki. Amina Lawal, wadda ita ma aka yanke wa jifa, ta faɗi a Bakori, ta faɗi a Funtuwa, ta yi nasara a Katsina ranar 25 ga Satumba, 2003, alƙalai huɗu cikin biyar suka karɓi hujjojin da suka haɗa da janye iƙirari da kwantaccen ciki, waɗanda duk daga cikin Malikiyya aka zaƙulo su. Waɗannan biyun alƙalan Shari'a ne suka gyara wa 'yan'uwansu, shi ya sa duk surutun ƙasashen waje jama'a ba su ji an ci zarafin addini ba. Amma sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita hurumin waɗannan kotuna ga al'amuran aure da gado da dangoginsu. A shari'ar Kanawa da Maikaset ta 2007, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta ce jiha ba ta da ikon faɗaɗa wannan hurumi da dokar majalisarta. Sakamakon haka, a jihohi da dama wanda kotun Shari'a ta yanke wa hukuncin laifi Babbar Kotun jiha yake nufa, gaban joji, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan Kotun Ƙoli, kamar yadda aka tsara wa Kotun Musulmi ta 1956.